Baƙin Allon Baba

Bayan ɓarin jikin Baba ya shanye, magana ta ɗauke masa. Hannun dama ya mutu, na hagu kuma rawa yake, biro ba ya zama a cikinsa. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗaga murya a tashar jirgin ruwa wajen fitar wa direbobin Nijar kaya, sai ga shi yana nuna buta da haɓa.

Ni na haɗa masa dabarar. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur a ɗakinsa, na sa mata taminal, wato allon rubuta wa na'ura umarni, irin mai saukowa: ka taɓa maɓalli ɗaya, baƙin allo ya zubo daga sama kamar labulen shago, ka sake taɓawa ya naɗe. Linzamin kwamfuta ya fi ƙarfin hannunsa, amma maɓalli ɗaya yana iyawa. Na zaɓi na kusurwar hagu, mai ɗan ƙaramin biyu na lissafi zane a kansa, na ƙara girman haruffa. A nan yake rubuta ruwa, ko fanka, ko a kashe rediyo. Duk abin da ya rubuta na'urar sai ta amsa da Faransanci cewa ba ta san wannan umarnin ba. Mu dai mun sani.

Aiki ya kai ni garin Kara, can arewa. Ina can koko ya zube a kan kilabiye, wato allon maɓallan, ya lalata shi. Yayata ta hau zemijan, wato acaɓa, zuwa Aflawo a bakin iyakar Gana ta sayo sabo, irin na Gana mai tsarin Ingilishi. Da ta ga haruffa ba sa fitowa yadda aka zana su, sai ta sa mai gyaran waya na bakin layi ya juya tsarin na'urar zuwa na Ingilishi. Haruffa suka daidaita. Shi kuwa ɗan ƙaramin biyu babu shi a tsarin Ingilishi, don haka labule ya daina sauka. Ba wanda ya gaya mini, wai kada a tayar mini da hankali. To, sannunsu da ƙoƙari.

Na dawo na tarar Baba ya rame. Inna ta ce ya daina cin abinci, tuwo ma kau da kai yake. An kawo rubutu ya sha, 'yan'uwa daga unguwar Be-Kpota sun zo sun zauna jugum-jugum. Kawuna ya ja ni gefe ya ce idan tsoho ya ƙi abinci, sai a fara shiri.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na zauna gaban na'urar. Taminal ɗin yana nan, kiransa ne ba ya zuwa. Na mayar da tsari zuwa Faransanci. Yayata ta ce ai haruffan za su sake saɓa wa zanen. Na ce Yaya, Baba ba ya duba zane, yatsansa ya haddace wurin tun zamanin tafireta. Na taɓa kusurwar hagu, allo ya sauko.

Muka turo kujerarsa. Ɗaki ya cika, kowa ya miƙa wuya. Kawu har ya cire hula, yana jiran wasiyya. Baba ya daɗe yana kai yatsa, yana kuskure, yana gogewa. Sannan ya rubuta:

"hakori. na kasa, hagu."

Inna ta buɗe bakinsa da hannunta. Dasashin ya kumbura, ya yi jawur. Ta zauna a ƙasa ta ce, "Kuma kullum ta wannan gefen nake ba ka."

Washegari aka cire haƙorin a wani asibiti a unguwar Nyekonakpwe. Da yamma ya sha kunu kofi guda, ya taɓa maɓallinsa ya rubuta a ƙaro.