Baba Sitaci da Murjanin 'Yan Koyo

Baba Sitaci ya yi rayuwar aikinsa duka a ɗakin wanki na wani asibiti, inda yawan zuba wa zanen gado sitaci ya jawo masa wannan suna. Tare muka yi makarantar mishan, inda kowace safiya ake duba mana farce da bayan kunne. Mu da muka girma mun sassauta, shi kuwa ya riƙe abin gam. A zamaninsa zanen gado kan fito daga hannunsa a sandare, har majinyaci ya ji nauyin kwanciya a kai. Irin wannan guga ta tafi da masu ita.

Da ya yi ritaya sai ya rasa abin wankewa. Ya wanke labulen falo har ya koɗe, ya koma kan tukwanen matarsa. Ita ta kai kuka wurin 'yarsu, 'yar kuma ta turo mijinta ya samo wa tsohon abin yi.

Surukin ya zo da akwatin gilashi. Ya cika shi da ruwan gishiri, ya jera duwatsu, ya haɗa fitila da ɗan injin motsa ruwa, daga baya ya kawo kifi biyu. A kan dutse ɗaya ya ɗora wani abu ruwan hoda mai 'yan hannuwa da yawa, suna buɗewa suna rufewa.

"Baba, wannan murjanin teku ne mai laushi, kuma yana da rai," in ji surukin. "Na 'yan koyo ne. Ko da gangan mutum ya so kashe shi, sai ya sha wuya."

"Wato ni ne ɗan koyon?"

"A'a Baba, ba haka nake nufi ba."

Amma maganar ta riga ta shiga. Baba Sitaci ya ƙudura cewa ranar da yaron nan zai dawo daga tafiyar aikinsa, sai ya ga akwatin da bai taɓa ganin irinsa ba.

Ba a jima ba gansakuka ta fara bin gilashin da duwatsun. Baba ya sayo buroshin haƙori sabo. Kullum sai ya tsamo duwatsun ya dirje su ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da ruwa ya haɗa wani. Kafin ya tsoma hannu kuma sai ya wanke shi da sabulu mai ƙamshi, don girmama baƙo. Murjanin ya fara tsukewa. 'Yan hannuwan suka daina motsi, ya koma kamar cingam da aka tauna aka manna a dutse.

"Malam, ka bar bawan Allah nan ya huta mana," in ji matarsa. "Ko ni aka dirje haka ai na tsuke."

"Ke ba ki gane ba. Datti ne ke damunsa."

Ya ƙara ƙaimi. Da na je gaishe shi na tarar ya rame. Ya ja ni gefe ya ce, "Abin da aka ce ba ya mutuwa, a ce a hannuna ya mutu? Da wane ido zan dubi mijin 'yata?"

Wata safiya yana sunkuye a kan akwatin, tabaraunsa ya zame, ya bugi dutse ya tsage. Mai tabarau ya ce sai an yi odar gilashin, a yi haƙuri. Ba tabarau Baba ba ya bambanta kifi da dutse. Sai ya zauna a kujera yana tambaya, "Uwar yara, akwai datti?"

"Fes yake, Malam," take cewa, tana kallon gilashin da ya yi kore shar. Ta watsa wa kifi abinci ta wuce kicin.

Ranar da sabon tabarau ya zo, ya saka, ya dubi akwatin ya yi salati da ƙarfi. Ya rarumo buroshi. Sai ya tsaya cak. A bayan gansakukar, murjanin ya farfaɗo, ya yaɗu ya rufe dutsensa har ya haura na kusa, 'yan hannuwan suna ta buɗewa suna rufewa. Ya daɗe a tsaye, buroshi a hannu, sannan ya sa shi a aljihu.

Da surukin ya dawo ya durƙusa gaban akwatin. "Kai, Baba! Nawa ma bai kai haka ba. Irin wannan ba ya son ruwa ya cika tsabta. Ashe ka gano da kanka?"

"Abu ne na lura, ɗana," in ji Baba Sitaci. Daga kicin aka ji tari ya sarƙe wani.

Yanzu kowace safiya yakan goge wuri ɗaya a gilashin, daidai faɗin tafin hannu, ya leƙa ya ga murjaninsa. Daga nan sai ya cire tabarau, don ya san halinsa. Haka yake wuni a falo yana lalube. Ƙaurinsa duk tabon teburi ne, amma bai taɓa yin ƙorafi ba.