Taɓawar da Ta Hana Ni Sujada

Ƙarfe goma da minti ashirin na safe, ranar wata Talata, a ɗakin likita na wani asibiti a Gummi. Mu uku ne a ciki: ni, da maiɗakina, da likitan, wanda a haife na haife shi. Na hau ma'auni na sauko, ya rubuta kilo ɗari da huɗu. Ya lallatsa gwiwoyina, na cije ban yi ƙara ba. Sannan ya tambaye ni:

"Baba, sau nawa kake cin abinci a rana?"

"Sau biyu," na ce masa. "Kalaci da safe, tuwo bayan magariba. Da rana ba ni ma gida."

Ya dubi maiɗakina. Ta ce, "Gaskiya ne likita, sau biyu nike ba shi."

Daga ni har ita babu wanda ya yi ƙarya da gangan.

Ni malamin shanu ne. Bayan na ajiye aikin hukuma sai na ci gaba da yi wa dabbobi allura da kaina. Makiyaya su kira ni a waya, in ɗaura akwatin magani a bayan babur, in bi rugage daga Gummi zuwa ƙasar Bukkuyum, wani lokaci har Anka. A shekarun ne ake ta maganar gubar dalma a ƙauyuka, kuma hanyoyin daji suna biyuwa tukuna.

Abin da ya kai ni asibiti ba ƙiba ba ce. Ƙiba ba ta taɓa damuna ba, a wurinmu ma cewa ake mutum ya samu hutu. Salla ce ta kai ni. Wata bakwai ke nan gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa, ina salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu, ina sujada da nuni. Ni da nake tsayawa bayan liman ina tsawata wa matasa su haɗa ƙafa su daidaita kafaɗa, na koma gefen bango kusa da takalma. Na san addini ya yi mini rangwame. Amma ina son goshina ya sake taɓa ƙasa kafin a sa ni cikinta.

Likita ya ce gwiwa tamkar jaki take, kaya sun yi mata yawa. Ya ba ni doka uku: in rage tuwo, in bar sukari, in riƙa tafiya da ƙafa. Ni kuwa mutum ne mai son doka. A ranar na tara gida na sanar: malmala uku ta koma ɗaya da rabi, gwangwanin sukari ya bar ɗakina, bayan asuba zan zagaya unguwa sau biyu. Wata uku ban saɓa ko ɗaya ba.

Da na koma asibiti, ma'auni ya ce ɗari da shida.

Na ce ma'aunin ya lalace. Likita ya hau da kansa ya nuna mini lafiyarsa lau. Da muka dawo gida muka shiga zaure, na juya na ce wa maiɗakina ita ke zuba man shanu a miya a ɓoye don tausayi. Ta ajiye gyalenta ta dube ni.

"Malam, ga murhu can, ga tukunya. Gobe ka ɗauko tabarma ka zauna ka gani da idonka. Abin da ni sani shi ne, mai cin malmala guda da rabi bai cika riga haka. Ka binciki hanya, ba ni ba."

Ban binciki komai ba. A ganina ba ni da laifi.

Wanda ya bincika mini shi ne taubashina, ɗan wan mahaifiyata, makiyayi ne da ke zaune a wata ruga bayan Nasarawa Burkullu. Tun muna yara ba ya kirana sai ɗan mace, kuma tsakaninmu babu maganar da ba ta faɗuwa. Da damina ta sauka rugage suka canja mazauni, sai na roƙe shi ya raka ni yini ɗaya ya nuna mini inda suka koma. Ya hau bayana da igiyar shanunsa a kafaɗa. A hanya na ba shi labarin likita da ma'auni.

Mun zaga ruga huɗu da ƙauye biyu. Da la'asar muka tsaya gindin wata tsamiya, ya yi sallarsa a ƙasa, ni kuma na yi tawa zaune a kan akwatin magani. Da na sallame sai ya ce:

"Ɗan mace, mi kac ci yau?"

"Tun kalaci ban ci komai ba."

"Komi da komi?"

"Kana tare da ni. Ka ga na zauna cin abinci?"

Sai ya sauke igiyar ya jefo mini a cinya. Duk ta ƙudundune da ƙulli. Ya ce in ƙirga. Goma sha ɗaya.

Ya karɓa ya shiga kwancewa ɗaya bayan ɗaya. "Wanga, ƙosai huɗu inda munka sha mai. Wanga, ƙwaryar dawo da nono rugar farko, sai da ka ga gindinta. Wanga, kindirmo. Wanga, hoce da ƙuli zauren maigari. Wanga, masara biyu bakin gona. Waɗanga shidda, ƙuli-ƙulin da ke aljihunka, kana tuƙi kana jefawa, ina jin ƙarar haƙoranka ta bayan kunne."

Na ce, "Kai Bafillace, ai wannan ba ci ba ne. Bismilla aka yi mini na taɓa."

"To taɓawar ina take zuwa? Aljihu?" Ya kama cikina ya girgiza. "Ni in saniyata ta taɓa gonar mutum sau goma sha ɗaya, gaban alƙali ba a cewa ta taɓa. Cewa ake ta cinye."

Ya yi dariya har ya kwanta a ciyawa. Ni ban yi ba.

Gaskiyarsa ce. A wurinmu ci shi ne ka wanke hannu, ka zauna a tabarma, a buɗe maka akushi. Duk abin da aka miƙo maka kana tsaye, ko kana kan babur, ko ana cikin gaisuwa aka ce "Malam, taɓa mana," wannan ba ya shiga lissafin ci. Zumunci ne. Shekara talatin ina amsa wannan kira a ƙofar kowace ruga, kuma ban taɓa dawowa gida na ce na ci abinci a waje ba. Likita ya tambaye ni ci, na ba shi amsar ci. Da ya tambaye ni taɓawa, da tun ranar aka gama magana.

Gyaran da na fara yi kuskure ne. Na ce daga yau ko ruwan nono ba ya shiga bakina a hanya. Na zazzage aljihuna, na sa asuwaki a maimakon ƙuli. Ranar farko da hantsi hannuna ya shiga aljihun nan ya fi sau goma, shi kaɗai, ba da izinina ba. Ba yunwa nake ji ba, bakina ne ya saba da motsi. Idan na wuce mai suyar awara sai in ji yawu ya cika mini baki kamar yaron goye.

A mako na biyu na je wata ruga kusa da Zugu. Mahaifiyar Arɗon wurin, tsohuwa ce da ta ga aurena, ta dama mini dawo, wato fura, da hannunta ta kawo. Na ce, "Alhamdu lillahi Inna, na ƙoshi." Ta tsaya da ƙwaryar a hannu. Ta ce, "Nononmu ya yi wari ne yau?" Na ce a'a. Ta juya ta tafi ba ta ƙara kallona ba. Da zan tafi Arɗo ya ba ni hannu da yatsu biyu, bai raka ni bakin hanya ba kamar yadda ya saba.

Kwana goma sha tara na riƙe. Rana ta ashirin aiki ya kai ni Anka ranar kasuwa, iska ta kwaso ƙamshin tsire ta watsa mini a fuska. Na wuce. Na kai bakin tasha, na juya babur na dawo. Na ce tsinke ɗaya. Na ci shida, na bi da masa, na kora da lemon kwalba mai sanyi. A bayan rumfa na tsaya na ci, fuskata ga bango, ina waige kada wanda ya san ni ya gani. Ina da shekara hamsin da takwas a lokacin, da jikoki.

Na isa gida na yi sallama da murya mai ƙarfi. Maiɗakina ta karɓi akwatin, ta ce sannu da hanya, sannan ta ce, "Malam, akwai yaji ga gemunka." Ta wuce ciki da akwatin. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Washegari ina zagayen asuba na zauna da maganar a raina. Na ci da sunan taɓawa, na ƙi gaba ɗaya na ɓata wa mutane rai kuma na faɗi. Sai na tambayi kaina, shin me ake ce mini in yi? Cewa ake in taɓa. Babu wanda ya taɓa cewa in ga gindin ƙwarya. Ni ne na mayar da kalmar abin da ba ita ba.

Na kafa sabuwar doka. Na farko, duk abin da aka miƙo zan karɓa da hannu biyu. Na biyu, ludayi ɗaya, ko loma ɗaya, in yi bismilla, in yi wa masu gida addu'a, in miƙa wa na kusa da ni. Na uku, abin da na saya da kaina a hanya babu shi, domin wannan ba zumunci ba ne, kwaɗayi ne. Na huɗu, kullum da yamma in faɗa wa maiɗakina sau nawa na taɓa, ko da ba ta tambaya ba.

Rugar Zugu na fara komawa, ba tare da an kira ni ba. Na durƙusa gwargwadon yadda gwiwa ta bari a ƙofar bukkar tsohuwar, na ce ƙishirwa ta kawo ni. Ta daɗe kafin ta kawo ƙwaryar. Na sha ludayi ɗaya na ajiye. Kafin ta buɗe baki na ce:

"Inna, wata goma sha ɗaya goshina bai taɓa ƙasa ba. Kan kujera nake salla. Likita ya ce sai na rage jiki."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Shi ne ba ka faɗi ba? Ka bar ni ina ta wanke ƙore ina cewa ko ƙazanta ka gani?" Ta fizge ƙwaryar ta ɗaga murya yadda duk matan rugar za su ji. "Kun ji! Malamin shanu ludayi guda za a ba shi. Wadda ta ƙara mai, Allah na ganin ta!"

Kafin wata ya ƙare maganar ta riga ni zuwa kowace ruga. Matan da nake tsoron ɓata musu rai su ne suka zama masu gadina. Wata ma tana tsaye a kaina, ina sauke ludayi take janye ƙwarya.

Ban ce daga nan ban sake zamewa ba. Da babbar salla na yi kwana uku ina bin soyayyen nama kamar wanda aka aika, kilo biyu suka dawo. A wani taron suna a Bukkuyum na ci masa guda tara, da yamma na faɗi adadin da bakina, maiɗakina ta ce, "Tara ko goma?" Na ce tara. Bambancin shi ne yanzu na san sunan abin da na yi. In na ci, sai in ce na ci, washegari in koma kan doka. Ban ƙara cewa tunda na ɓata yau bari in ɓata mako ba.

Ma'auni ya fara sauka a hankali. Ɗari. Casa'in da biyar. Riguna suka yi mini yawa, aka rage wuyan wando sau biyu. Bayan wata goma sha huɗu likita ya rubuta tamanin da bakwai, ya cire tabarau ya sake duba allurar ma'aunin.

Ban yi gaggawar zuwa sahu ba. Sai da na gwada a ɗaki, da hantsi, ƙofa a rufe, kwana bakwai a jere. Ranar farko na sauka amma sai da na kama gado na tashi. Ranar bakwai na tashi da kaina. A rana ta takwas, da la'asar, na shiga masallaci na wuce gefen bango na tsaya a sahun farko. Liman ya yi kabbara, muka yi ruku'u, muka ɗago, sannan na tafi ƙasa tare da kowa. Gwiwa ta yi ƙara amma ta lanƙwasu. Tabarmar tana da sanyi da ƙanshin ƙura, akwai wani ɗan tsakuwa daidai goshina, ban kawar da shi ba. Liman ya ɗago, ni na ɗan makara.

Da aka sallame na ga wani matashi a gefena ya bar tazara tsakanin ƙafarsa da tawa tun raka'ar farko. Na riƙe hannunsa na yi masa bayani yadda ya kamata.

Ga roƙona gare ka, mai karatu. Idan baƙo ya zo gidanka ka yi masa bismilla, ya ɗauki loma ɗaya ya janye hannu, kada ka ce ya raina abincinka, kada ka tura masa kwano, kada ka rantse masa sai ya ƙara. Ba ka san abin da yake ƙoƙarin komawa gare shi ba. Ka ce masa madalla, ka ɗauke kwanon daga gabansa.