Dawar Ɗanliti Mai Sheƙi

Ɗanliti manomi ne a wani ƙauye gefen Makoɗa. Gonarsa 'yar ƙarama ce, a matse tsakanin gonakin dangi, amma Allah ya ba shi ido wajen zaɓen iri. In kaka ta yi, har daga ƙauyukan kusa ake zuwa roƙonsa zangarniya ɗaya ta dawa.

Wata damina ya tarar da kara biyar a tsakiyar gonar, ganyensu kore shar, suna sheƙi kamar an shafa musu man gyaɗa. Sauran dawar kuwa tana da farin nan da ke kan kara da gindin ganye, mai ɓata wa mutum riga. Shi dama ya tsani farin nan, a ganinsa ƙazanta ce. Ya ɗaura wa karan biyar tsumma, da aka yi girbi ya ware zangarniyarsu ya rataye a rumbu.

Shekara uku yana yaɗa ta, ruwa kuma yana sauka yadda ake so, ta yi ta ba da hatsi. Ya rarraba wa maƙwabta kyauta, aka sa mata suna 'Yar Ɗanliti, har tafiyarsa ta sauya. Gida goma sha ɗaya suka daka tsohon irinsu suka yi tuwo. Barira ce kawai, matar ƙanensa da ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ta so ta riƙe nata. Ɗanliti ya yi ta yi mata faɗa har ta haƙura.

Sai ga shekarar saba'in da uku, aka yi fari. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da dawa take shirin fitar da kai. Mai farin kara ta naɗe ganye ta jure, an ɗan samu na kunu. Mai sheƙi kuwa cikin mako biyu ta ƙone ƙurmus.

Malamin gona Khalilu ya zo a kan keke, ya murza busasshen ganye a hannu.

"Baba, farin nan da ka ƙi, kaki ne, kamar na zuma. Shi ke hana rana tsotse ruwan ganye. Wannan kuwa tun daga cikin ƙwaya halittarta ta sauya, ta daina yin sa, 'ya'yanta ma suka gado ta. Tsirara take tsaye a rana."

Babu wanda ya zagi Ɗanliti, kuma wannan ya fi ci masa rai. Ana gaishe shi, a wuce. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta, bai kuma sake zaɓa wa kowa iri ba har ya bar duniya.

Ranar da Barira ta ɗaure kayanta za ta Kano neman aikatau, ta biyo ta ƙofar gidansa da yaran, ta durƙusa.

"Yaya, mun tafi. Ga gonar nan, ka sa mata duk abin da ka ga dama."