Shekara Biyu Ailsa Tana Shara da Cuɗa Yumɓu

Ailsa Cargill 'yar Arbroath ce, garinmu na bakin teku a gabashin Scotland. Mahaifinta, Dougal, sana'arsa kyafa kifi, kamar yadda ya gada. Na koyar da ita shekara huɗu a sakandare. Ba ta cikin masu hazaƙa ta fitar hankali, amma ba ta barin aiki a rabi.

Wani ƙaramin kofin shayi na Japan da ta gani a gidan tarihi shi ne ya sa ta karanta harshen Japan a jami'a. Da ta gama, ta nemi shiga shirin da ke kai masu digiri makarantun Japan don su taimaka wajen koyar da Turanci. Aka tura ta wani ƙaramin gari na magina tukwane a tsibirin Kyushu.

A watanta na biyu ta je wurin wani tsohon magini mai suna Nakazono, ta roƙe shi ya koya mata. Burinta ta zauna gaban faifan nan da ake juyawa a gina kofi a kansa. Tsohon ya miƙa mata tsintsiya. Bayan wata shida ya ba ta yumɓu ya ce ta cuɗa har iska ta fita daga cikinsa, domin yumɓu mai iska fashewa yake a wuta. Kullum ta tashi daga makaranta, aikinta ke nan.

Dougal da kansa ya ba ni labarin hirarsu ta waya.

"To, sarauniyar magina, tukunya nawa aka gina?"

"Baba, ban fara ba tukuna."

"Ikon Allah! Shekara huɗu a jami'a, kika tsallaka duniya don ki yi shara? Ai da kin faɗa mini, rumfata ma tana da tsintsiya."

"Ai taka ta fi kifin wari."

A watan Fabrairu na shekara ta biyu makaranta ta ba ta takarda: ko ta sa hannu ta ƙara shekara, ko ta koma gida da bazara. A lokacin kuma wani kamfanin fitar da kifi a birnin Aberdeen, nan Scotland, yana neman mai jin harshen Japan. Mu mutanen nan, idan abu ya shige mana duhu, tambaya muke yi kai tsaye, kuma ni na koya wa yara haka shekara talatin. Ailsa ta tsaya gaban tsohon ta ce, "Malam, yaushe zan hau faifai? Ina so in san rana."

Nakazono ya yanka yumɓun da ta cuɗa da zare, ya duba cikinsa, ya ajiye. "Da saura," in ji shi.

Washegari ta rubuta wa makaranta cewa za ta tafi.

Ranar sallama matar tsohon, Fumiko, ta raka ta tashar mota. A hanya ta ce, "'Yar nan, kin yi gaggawa. Shi kansa shekara uku ya yi yana cuɗa wa ubansa yumɓu. Tun kaka ya sa kafinta ya rage tsawon kujerar faifan don ƙafarki ta kai."

"Inna, me ya hana shi faɗa mini?"

"Wannan tsohon? Shekara arba'in ina dafa masa miya, bai taɓa cewa ta yi daɗi ba. Ƙari kawai yake nema."

Takarda ta riga ta tafi, an kuma naɗa wanda zai maye gurbinta. Ailsa ta hau mota.

Yau shekara goma sha tara tana aiki a kamfanin kifin. Ta yi aure, tana da 'ya'ya biyu. Nakazono ya rasu shekara shida bayan dawowarta. Fumiko ce ta rubuto mata. Ranar Laraba da yamma Ailsa tana koyar da ginin tukwane a zauren unguwa, kuma duk wanda ya zo, a ranar farko take zaunar da shi gaban faifai.