Warin Fetur a Rijiyar Mama

Shekarun baya, da na gama karatu ban samu aiki ba, sai kawuna ya ɗora ni a kan ƙaramin gidan mansa da ke Gwadangaji. Ni da ko tayar keke ban taɓa facewa ba, sai ga shi ana ce mini manaja. Har tafiyata ta canza.

Bayan katangarmu akwai wata dattijuwa, mutuniyar Filato, mijinta ya rasu ya bar mata gida da rijiya. Kunun aya da zoɓo take yi, masu keke napep na layin duk wurinta suke jiƙa maƙoshi. Mama muke ce mata.

Wata safiya ta shigo da ruwa a gorar roba, ta miƙo mini.

“Ɗana, sunsuna wannan. Daga rijiyata ne.”

Na sunsuna, na ji warin fetur sarai. Amma sai na ce, “Mama, ko dai an taɓa zuba mai a gorar ne?”

“Tun ba a haife ka ba nake shan rijiyar nan,” in ji ta. “Na san ruwana.”

Abin da ban gaya mata ba shi ne, na ɗauki makonni ina lura. Duk safiya idan muka zura sandar awo cikin tankin da ke binne a ƙasa, sai in ga man ya sauka fiye da yadda ya kamata. Na taɓa yi wa kawu maganar, ya ce, “Zafin garin ga ne ka shan shi. Kai mi ka sani ga sha'anin mai?” Na bar maganar. Gaskiya ma amsar ta yi mini daɗi, don ta sauke mini nauyi.

Kafin damina ta wuce, rijiyoyin maƙwabtan Mama ma sun fara wari. Jikarta ta kwanta da ciwon ciki. Mai unguwa ya kai kuka, ma'aikatan muhalli suka zo, suka haƙa ramuka sirara kewaye da mu, suka zura bututu suna ɗibar ruwa a kwalabe. Ranar da aka tono tankin ina tsaye. Tsatsa ta ci gindinsa, hujin bai fi kan yatsa ba.

Injiniyar da ta jagoranci ma'aikatan ta dube ni ta ce, “Malam, da an kira mu tun farkon warin, ƙasa kaɗan za mu kwashe. Yanzu ya riga ya bi ruwa.”

Aka rufe gidan man, aka kwashe ƙasa tifa-tifa, aka kafa injin da ke zuƙo ruwan ana tacewa. Suka riƙa dawowa gwaji lokaci zuwa lokaci, har shekaru. Rijiyoyin kuwa aka toshe su da siminti.

Mama ta koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, amma magana ta riga ta yaɗu, babu mai son kunun gidan da aka ce ruwansa na da fetur. Daga ƙarshe ta tattara ta koma wurin 'yarta a Argungu. Ranar da ake loda kayanta na hango daga nesa, na canza hanya.

Sai da na yi aure har na haihu sannan na samu ƙarfin halin neman ta. Na iske 'yarta a shagonta cikin kasuwar Argungu. Ta ce Mama ta rasu bara. Na yi mata gaisuwa, na faɗi ko ni wane ne.

Sai ta yi murmushi ta ce, “Ai tana ambatonka. Takan ce yaron gidan man nan ba shi da laifi, bai sani ba ne.”

Na sunkuyar da kai, ban gyara mata ba.

Unguwar ta samu fanfo yanzu, kawu ma ya daɗe da barin sana'ar. Mutane sun manta. Ni dai abin da ke damuna ba hujin tanki ba ne, ƙarfe dole ya yi tsatsa. Abin da ke damuna shi ne baiwar Allah ta tafi tana yi mini kyakkyawan zato, alhali na sani.