Ranar da na jefi ƙyauren Baba

Akwai abubuwa da yawa da suka sulale mini daga kai, amma ranar da na tsaya a gaban jama'a aka ce in jefi ƙyauren ɗakin mahaifina, wannan kam sai dai in tafi da ita kabari.

A shekarun da aka datse kogi a Kainji ne. Ruwa ya taso ya cinye tsibirinmu, aka kwashe mu zuwa wani sabon gari a tudu, kusa da Yelwa. Lokacin ina saurayi. Mun fito da abin da jirgi zai iya ɗauka, Baba kuwa bai damu da komai ba sai ƙyauren ɗakinsa. Na maɗaci ne, kakana ya sassaƙa shi daga gefen tsohon jirginsa. Da muka iso, sai muka tarar sababbin ɗakunan suna da nasu ƙyamaren, namu kuma ya fi ƙarfin ƙofar. Aka jingine shi a bayan ɗaki, kaji suna kwana a ƙarƙashinsa. Tun daga nan Baba ya daina fita. Mutumin da a da ake jin muryarsa daga wancan ƙetare, sai ya koma wuni kan tabarma yana kallon bango.

Ana haka aka kawo wani matashin malami makarantar firamare ta garin. Ya zo da wata ƙwallo mai nauyi, ya ce wasanta ƙwallon kwando, a kwaleji ya koya. Ya kafa sanduna biyu, ya sa maƙeri ya lanƙwasa ƙarfe, muka ɗaura tsohuwar komar kamun kifi a jiki. Saura allon da ake kafawa a bayan kwandon. Gefe ɗaya ya samu katako, ɗaya gefen babu. Inna ce ta ba shi ƙyauren, ba tare da ta gaya wa kowa ba. Da na tambaye ta, cewa ta yi, "Gara a shanya shi bisa da gara ta canye shi ƙasa. Kai dai ka riƙe bakinka."

Na riƙe bakina, amma hannuna ya ƙi. A wasan nan, idan aka ture ka, alƙali kan tsayar da kai a kan wani layi, a ba ka jifa biyu ba mai tare ka. Malam ya zana ɗan akwati da farar ƙasa a tsakiyar allon, ya ce mu da ba mu ƙware ba mu riƙa auna nan, ƙwallon za ta dawo da kanta ta faɗa. Ni wannan magana ta ɗaure mini kai. Ana son abu ya shiga nan, don me za a jefa shi can? Ga shi kuma a wurinmu ko tsakuwa yaro ya jefa ta taɓa ƙofar babba, sai an kai shi ya durƙusa. Saboda haka a gefen katako ina bin maganar malam, a gefen ƙyaure kuwa sai in auna bakin ƙarfen kai tsaye, in kuskure.

"Kai, mutumin ruwa," in ji malam, "can kana ci, nan kana zubarwa. Aljani ne a wannan sandar?"

Na ce ban sani ba. Ya zan yi in bayyana masa?

Sai ga samarin Yelwa sun zo karawa da mu wata ranar Juma'a bayan la'asar. Tun daga kan kekunansu suke tsokana. "Ku zuba musu ruwa a filin, ba su iya gudu a tudu ba!" Garinmu kaf ya fito. Ban san wanda ya tsegunta wa Baba ba. Ina cikin gudu na ɗaga kai, sai na hango shi a bakin fili, ya dogara da sandarsa, idonsa ba ya kanmu, yana kan ƙyaurensa da ke rataye a sama da zanen farar ƙasa a fuska. Daga nan ban ƙara sanin wa ke namu wa ke nasu ba. Har wani ɗan Yelwa na miƙa wa ƙwallo da hannu biyu, ya ce mini na gode.

Dab da tashi wani ƙato ya bangaje ni, aka busa usur, aka tsayar da ni a layi. A gefen ƙyaure. Malam yana ta nuna mini akwatin da yatsa. Na dubi Baba, na dubi ƙyauren, na rufe ido na auna ƙarfe. Ƙwallon ko komar ba ta taɓa ba. Mutanen Yelwa suka kwashe da dariya, wani ya ce, "A kawo masa fatsa!"

Aka maido mini ƙwallon. In na jefi ƙyauren, na ci mutuncin tsohona a bainar jama'a, bayan abin da ruwa ya riga ya yi masa. In na ƙi, na zubar da garinmu. Ina tsaye kamar gunki, sai na ji wata murya da na kwana biyu ban ji ba, irin wadda ke tsallake kogi. Da yarenmu ya yi maganar, don haka baƙin ba su gane ba.

"Kai, ɗan nan! Wa ka taɓa gani ya faɗa ɗakina bai tsaya a ƙyaure ba? Bi ta nan!"

Tsofaffinmu suka fashe da dariya. Ni dai ban tabbata faɗa yake ko izini ba, hannuna ne ya yanke hukunci. Ƙwallon ta daki tsakiyar zanen, maɗacin ya yi wannan ƙara tasa da na sani tun ina rarrafe, ta dawo ta zurma cikin koma.

Na yi ta tsalle ina cewa mun ci. Sai daga baya malam ya fahimtar da ni cewa irin wannan jifa maki ɗaya ne kawai, kunnen doki muka yi. Har yau lissafin bai zauna mini sosai ba.

Da aka watse, Baba ya taka har gindin sandar, ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa ƙyauren. Ya ce da malam, "Ƙusar hagu ta yi sako-sako. Gobe zan zo da guduma." Ya kuwa zo, jibi ma ya zo, har ya zama shi ke korar awaki daga filin.

Yanzu da furfura ta fara fito mini, ina zaune a ajin manya ina fama da baƙaƙe, nakan tuna da wannan. Na ɗauka girmama abin da muka baro shi ne kada a taɓa shi, ashe ajiyewar ce ke kashe shi, har da mai shi. Abin da ka gada, in ka bar shi ya yi aiki a sabon wuri, shi zai maido maka da jifarka cikin kwando.