Fensirin Orysia Bilak

Shekara ashirin da takwas bas ɗin bakwai da rabi mai bin titin Selkirk a birnin Winnipeg na Kanada yana ɗaukar Orysia Bilak a bakin gidan burodi. Za ta hau tana kakkaɓe ƙanƙarar takalminta, ta zauna a kujerar bayan direba, ta zare safar hannun dama kaɗai, ta fito da fensir da damin takardu. Aikinta na rana amsa waya ne a wurin wani likitan haƙori. Takardun kuwa labarai ne da jama'a ke aiko wa wata ƙaramar mujallar labaran al'ajabi, irin waɗanda mutum kan wayi gari ya rikiɗe ya koma kyarkeci ko itace. Ita ce mai karatun farko, kuma sunanta bai taɓa hawa bangon mujallar ba.

Mu da muka sha fensirinta mun haddace tambayarta. Duk inda wani ya rikiɗe a labari, sai ta ja layi ta rubuta a gefe: "Me ya rage masa?" Takan ce rikiɗa ba abin mamaki ba ne a garin da rabin mutanensa baƙi ne da suka canja suna a filin jirgi. Ita abin da ya ƙi canjawa take nema.

Bara ta gamu da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya mutu, Turancin ya tafi gaba ɗaya, bakinta ya koma yaren Yukiren na ƙuruciya, wanda 'yarta Lesia ba ta ji sai sunayen abinci da kalmomin faɗa. Lesia ta ce mana, "Kullum ina zuwa wurinta, amma ban sani ba ko Mama na nan ciki." Wanda ya samo mata amsa shi ne Efren Tolentino, direban bas ɗin nan.

Efren ya zo daga Filifin da littafin rubutu a aljihu, ya zama Ed a wurin aiki, ya daina gaya wa kowa yana rubutu. Ganin fensirin nan a madubi kullum safiya shi ya tayar masa da tsohon ciwo. Ya leƙa adireshin mujallar a takardunta, ya aika labari, amma kunya ta sa ya sa hannu da Edward Tate. Yana tuƙi yana kallon Orysia tana yanka masa shafi.

"Direba," ta ce wata safiya, "akwai wani Edward da ya rantse sai ya ga bayana."

"Me ya yi miki, Tita?" Haka mutanensu ke kiran mace babba.

"Ya iya rubutu, ja'iri, amma gidan ba kowa. Mutuminsa ya zama agwagwar daji, shi ke nan, agwagwa. Ni ina ruwana da agwagwa? Ga su can cike da bakin kogi suna ɓata mana ciyawa."

"Wataƙila sabon hannu ne, a yi masa sassauci."

"Sassauci na wanda bai iya ba ne."

A tsakiyar Janairu ne, amma Efren ya ce gumi ya jiƙa masa riga.

Sau goma sha ɗaya ta dawo masa da labarai. A na ƙarshe ya yanke a ransa ya bar rubutu, ya huta da wulaƙanci. Sai ga ta za ta sauka, ta aje masa ambulan a cinya.

"Miƙa wa Edward, tunda hanyarku ɗaya."

Ya ce, "Tun yaushe kika gane?"

"Tun na biyu. Duk jarumansa sai sun waiga dama kafin su tashi, kamar direban bas, har sarkin da ke bisa dodo. Ka tambayar mini shi: ranar da ya zama Ed, me ya rage?"

Ranar, a tashar ƙarshe, ya buɗe kwanon shinkafa da kaza, sai ya ji bakinsa ya ce "Zo mu ci," kamar yadda ake yi a garinsu, alhali ba kowa a cikin bas. Ya zauna riƙe da cokali har abincin ya huce. Labarin da ya rubuta bayan nan na wani mutum ne da ya koma agwagwar daji, ya manta sunansa da yarensa, amma in ya tsinci hatsi a bakin layin dogo ba ya iya sa baki sai ya kira sauran. Da haka matarsa ta gane shi a cikin dubu. Mujalla ta buga shi da sunan Efren Tolentino. Irinsa muna da yawa: akwai nas, akwai mai walda, akwai ni.

Wata huɗu bayan ciwon, Efren ya je gidan jinya da sabon labari. Da gangan ya bar rami a shafi na huɗu, inda wata mata ta zama kogi ba tare da komai nata ya rage ba. Orysia ta dube shi kamar baƙo. Zuciyarsa ta karye, amma ya aje mata takardun, ya sa mata fensir a hannun hagu. Lesia ta ce, "Kada ka wahalar da ita, ba ta karatu yanzu."

Shafin farko ya ci mata kusan rabin awa. Da ta kai na huɗu sai fensirin ya tsaya. Ta ja wani karkataccen layi, ta zana alamar tambaya a gefe da ƙyar, ta ɗago ta harari Efren, ta faɗi kalma biyu da yarenta.

"Me ta ce?"

Lesia tana dariya, hawaye na zuba. "Wannan kam na sani. Ta ce kai malalaci ne."

Orysia, ke ce mai karanta mu tun ba mu zama kowa ba. Ke ce kika ƙi karɓar sunayen aro, kika tsare mu har muka fito da namu. Mun ji haushinki, wasunmu sun yi kuka a kan ambulan ɗinki, yau kuma ba mu da abin cewa sai godiya, kuma muna yin ta kina raye. Wanda duk aka miƙa wa aikin wani ya duba, ya duba shi kamar yadda kika duba namu, har ƙasa, yana neman mai shi a ciki. Ciwo ya ɗauke miki hannu da harshe, Tita, amma mun ga abin da ya rage.

Efren ya koma gida gyaran shafi na huɗu. Ranar Laraba zai mayar mata.